Erice, garin da ke kan dutse a Sisiliya: ina yake, me ya faru a can, me za ka gani

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce an ɗauke ka wani kwas na ɗan gajeren lokaci a cibiyar kimiyya da ke Erice a Italiya, kana so ka san ina ne garin, meye tarihinsa, me ya kamata ka gani, sannan wani ya ce maka wai garin Musulmi ne a da, ko gaskiya ne. Toh da farko ina taya ka murna, Allah ya sa albarka a tafiyar. Tarihin tsibirin Sisiliya shi ne fannin da na karanta kuma na san garin da ƙafata, don haka bari in yi maka bayani a tsanake, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Sisiliya shi ne tsibiri mafi girma a Bahar Rum, yana can ƙasan Italiya, kuma Erice yana kusurwar arewa maso yamma ta tsibirin, a lardin Trapani. Birnin Trapani yana ƙasa a bakin teku, Erice kuma yana samansa a kan wani dutse guda ɗaya tilo da ya tashi tsaye har mita 751 daga saman ruwan teku. Kar ka raina wannan tsawon don ka ji akwai duwatsun da suka fi shi, shi wannan daga bakin ruwa ya fara kai tsaye babu wasu tuddai a gabansa, shi ya sa duk wanda ke cikin jirgin ruwa shi yake fara hangowa tun daga nesa. Daga Palermo babban birnin tsibirin kamar kilomita 100 ne da 'yan kai, akwai babbar hanya A29 da ke kawo ka har kusa da Trapani, sannan akwai ƙaramin filin jirgi a Birgi kudu da Trapani amma yawancin masu zuwa daga nesa a Palermo suke sauka. Ka rubuta wa masu shirya kwas ɗin ka tambaye su maganar ɗauko ka daga filin jirgi tun kafin ka tashi. Daga Trapani zuwa sama ko dai ka bi titi mai lanƙwasa da yawa a mota ko bas, ko ka hau motar igiya wadda suke kira funivia, tana tashi daga unguwar Casa Santa kuma kamar minti 10 ta kai ka ƙofar gari. An sake buɗe ta a 2005. In iska ta yi ƙarfi rufe ta suke yi, don haka ranar da za ka kama jirgin dawowa kar ka dogara da ita kaɗai.

Wani abu da ke ruɗa mutane, in ka duba yawan jama'ar Erice za ka ga sama da mutum 25,000, sai ka hau ka tarar da gari shiru kamar kowa ya yi tafiya. Wancan lissafin na ƙaramar hukumar ne gaba ɗaya, kuma kusan duka mutanen a gindin dutsen suke zaune a unguwannin da suka haɗe da Trapani, tsohon garin da ke sama mazaunansa na dindindin kaɗan ne ƙwarai. A da ma ƙasar Erice ta fi haka faɗi nesa, tsakanin 1948 da 1955 ne Custonaci da Buseto Palizzolo da San Vito Lo Capo da Valderice suka ɓalle kowa ya zama ƙaramar hukumar kansa, daga nan kuma masu gona da masu kasuwa suka ci gaba da sauka ƙasa inda akwai aiki da ruwa da titi.

Shawarata ta farko, ranar da ka isa kafin ka shiga kowane gini ka wuce lambun Balio da ke ƙarshen gari ka tsaya ka kalli ƙasa, saboda duk tarihin garin nan a wannan kallon yake. Za ka ga Trapani ta miƙe cikin teku a lanƙwashe, za ka ga filayen gishiri fari fat da tsofaffin injinan iska a kudu da ita, gaba kuma tsibiran Egadi guda uku wato Favignana da Levanzo da Marettimo, in ka juya ɗaya gefen ga dutsen Cofano. Bayan tsibiran can Tunisiya ce, tsakanin Sisiliya da gaɓar Tunisiya bai wuce kamar kilomita 150 ba. Kaga duk wanda ya riƙe saman dutsen nan yana ganin jirage da yawa da ke shiga da fita ta mashigar da ke tsakanin Turai da Afirka, shi ne dalilin da ya sa kowace daula da ta yi ƙarfi a Bahar Rum sai da ta zo ta nemi wannan ɗan wurin.

Mutanen farko da aka sani da garin su ne Elimawa, wata al'umma da ke da manyan garuruwa uku a yammacin tsibirin, Eryx wato Erice ɗin nan, da Segesta da Entella. Masanin tarihin Girka Tusididis ya rubuta cewa asalinsu 'yan gudun hijira ne daga birnin Taruwada bayan an ci shi da yaƙi, wannan labarin gargajiya ne, amma ka riƙe shi don Rumawa sun yi siyasa da shi daga baya. Abin da ya ɗaukaka garin a wancan zamanin wani ɗakin bauta ne na wata gunkiya mace a can ƙololuwar dutsen. Finikiyawa da mutanen Kartaj, birnin da suka kafa a Tunisiya ta yau, suna ce mata Astarte, Girkawa suna ce mata Afrodit, Rumawa kuma Binus ta Eryx, kowa ya zo sai ya sa mata sunan tasa ya ci gaba da kai hadaya, musamman matuƙan jirgin ruwa da suke ganin ita ke tsare su a teku. Har biki suke yi duk shekara na tashin tattabarun ɗakin bautar, wai sun raka ta Afirka, bayan kwana tara su dawo a yi wani bikin. Dukiyar da ta taru a wurin har yaudara aka yi da ita: mutanen Segesta da suke son Atina ta taimake su da yaƙi sun kawo jakadun Atina nan suka nuna musu kwanuka da tuluna na azurfa don su ɗauka akwai kuɗin biyan soja, jakadun suka koma gida da labarin arziki, a shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Atina ta turo babbar runduna Sisiliya, bayan shekara biyu rundunar nan ta hallaka kakaf a Sirakusa.

Yaƙin da ya fi shafar dutsen shi ne na farko tsakanin Rum da Kartaj, daga 264 zuwa 241 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun a farkon yaƙin Kartajawa suka kwashe mutanen garin suka sauko da su bakin teku Drepanon, wadda ita ce Trapani ta yau. A 249 Rumawa suka sha mummunan kaye a teku a gaban Trapani amma duk da haka suka samu suka kame saman dutsen, sai a 244 Hamilkar Barka, mahaifin Hanibal ɗin nan da ya ƙetare duwatsun Alps da giwaye, ya zo ya shige tsakiya ya kame garin da ke jikin gangaren, Rumawa a samansa Rumawa a ƙasansa, aka yi wajen shekara biyu ana gwabzawa babu wanda ya iya tumɓuke wani. A teku aka raba gardama, ranar 10 ga Maris 241 jiragen Rum suka farfasa jiragen Kartaj masu kawo guzuri a kusa da tsibiran Egadi, shikenan Kartaj ta bar Sisiliya. A 'yan shekarun nan masu nutso sun yi ta ciro ƙahonnin tagulla na gaban jiragen yaƙin daga ƙasan ruwa kusa da Levanzo, wasu da rubutun Latin a jiki, wato ruwan da za ka kalla daga lambun can shi ne filin dagar.

Da Rumawa suka samu wurin sai suka rungume shi sosai, don su ma suna da'awar daga Taruwada kakansu ya fito, kenan su da Elimawa dangi ne a faɗarsu. Sun gina wa gunkiyar ɗakin bauta a cikin birnin Rum kanta a 215 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙara wani a 181, suka ɗora wa garuruwa 17 na Sisiliya ba ta zinariya, suka ajiye sojoji 200 suna gadi. Daga baya garin ya mutu a hankali, sunansa ya yi ƙasa na tsawon ƙarnuka.

Yanzu maganar Musulmi, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Eh, Musulmi sun mulki Sisiliya sama da shekara 200, kuma akwai abin da ya haɗa mu da wannan tarihin kai tsaye. Wanda ya jagoranci rundunar da ta sauka a Mazara a watan Yuni na 827 malami ne, alƙalin Ƙairawan da ke Tunisiya ta yau, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, kuma littafinsa Asadiyya shi ne tushen da Sahnun ya gyara ya fitar da Mudawwana da malamanmu na zaure ke ambato har gobe. Ya kusa shekara 70 lokacin da sarkin Aglabawa masu mulkin Ƙairawan, Ziyadatullah, ya ba shi tuta, ya rasu a shekarar da ta biyo baya yana kewaye da Sirakusa. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, yammacin tsibirin nan kuwa shi ne ya fi ko'ina cika da Musulmi. Larabawa suna kiran dutsen Erice da Jabal Hamid. Amma in gaya maka gaskiya, ban yarda da masu cewa Erice babban birnin Musulunci ne ba. Rayuwar Musulmi a ƙasa take, a Trapani da Mazara da Marsala da gonakin da ke tsakaninsu. Al-Idrisi da ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a fadar Roja na biyu, sarkin Sisiliya Kirista, a 1154 ya ambaci dutsen da yawan ruwansa da filin noma a samansa, ya ce akwai wata kagara a can da babu mai gadinta babu mai kula da ita.

Normawa, wato mayaƙan Kirista da suka fito daga arewacin Faransa, sun karɓe Trapani a 1077 ƙarƙashin Roja na farko, suka gama cin tsibirin duka a 1091. Su ne suka sake raya saman dutsen suka zuba Kiristoci, aka canza masa suna zuwa Monte San Giuliano saboda wani labari da suke bayarwa cewa waliyyinsu Juliyan ya bayyana ya taimake su a yaƙin, kuma da wannan sunan aka san garin har 1934 lokacin Musolini da aka dawo da tsohon sunan. Shaida mafi daɗin karantawa ita ce ta Ibn Jubair, ɗan Andalus da jirginsu ya fashe a Messina yana dawowa daga Hajji, ya zo Trapani a ƙarshen 1184 ya zauna watanni yana jiran jirgi. Ya yi ƙaramar Sallah a can, ya ga Musulmin garin sun fita filin idi da ganguna da ƙahonni har ya yi mamakin yadda Kiristocin suka ƙyale su. Game da Jabal Hamid kuwa ya ce an faɗa masa akwai idanun ruwa wajen 400 da gonakin inabi, akwai kagara a sama da gada ta haɗa ta da gari, in Kiristocin sun ji tsoron hari su kwashe iyalinsu can su yanke gadar, kuma ba sa barin Musulmi ya hau. Wannan ya nuna maka matsayin wurin a lokacin, wurin tsaro ne da sababbin masu mulki ke sa ido a kan Musulmin da ke ƙasa. Ƙarshen labarin yana da ciwo, daga shekarun 1220 sarki Firedirik na biyu ya yi ta kwashe sauran Musulmin tsibirin zuwa Lucera a can cikin Italiya, a 1300 kuma aka rushe wannan al'ummar ma.

Abin da za ka gani da idonka yau yawanci na bayan wannan ne. Garin kusurwa uku gare shi kuma ƙarami ne, a ƙafa za ka gama shi. In ka shigo ta ƙofar gari da ake kira Porta Trapani babbar cocin garin na nan hagunka, sarki Firedirik na gidan Aragon ne ya sa aka gina ta a 1314, hasumiyar da ke gabanta kuma ta girme ta, asali ta tsaro ce daga lokacin yaƙin da ya biyo bayan boren 1282 da mutanen Sisiliya suka kori Faransawa. Tsawonta kamar mita 28, matakala 108, ka hau wallahi ya cancanci wahalar. Cikin cocin an sake shi a ƙarni na 19, rufin farin ado ne na sassaƙa mai kyan gaske. Coci-coci suna da yawa fiye da yadda ƙaramin gari ke buƙata, akan sayar da tikiti ɗaya na shiga da dama daga cikinsu, ni dai ba zan ce ka bi su duka ba, babbar da hasumiyarta sun isa in lokaci ya ƙure.

Abin da na fi so, kuma mutane da yawa ke wucewa ba su lura ba, shi ne ganuwar da ta tashi daga Porta Trapani ta bi ta Porta Carmine zuwa Porta Spada, wajen mita 700. Ka duba ta daga ƙasa zuwa sama a hankali. Manyan duwatsun ƙasa waɗanda ba a daidaita su sosai ba aikin Elimawa ne, na samansu masu kusurwa a gyare na zamanin Kartajawa ne har akwai haruffan Finikiyanci da magina suka sassaƙa a jikin wasu, ƙananan duwatsun can sama kuma gyaran zamanin Normawa da bayansu ne. Bango ɗaya ne amma hannun al'umma uku a kai, kuma ba ka biyan ko sisi, ka je da safe lokacin da babu kowa ka nemi haruffan da kanka. Kusa da Porta Spada akwai Quartiere Spagnolo, barikin soja da aka fara a ƙarni na 17 zamanin mulkin Sifaniya ba a ƙarasa ba.

A ɗaya ƙarshen kuma ga Castello di Venere, kagarar da Normawa suka gina a ƙarni na 12 zuwa 13 daidai kan inda ɗakin bautar nan yake, har da duwatsunsa suka yi aikin. Kar ka sa ran ganin ginshiƙai a tsaye, saura ɗan tushe da wata rijiya da fili, darajar wurin ita ce inda yake, a bakin wani gangare da in ka leƙa sai kanka ya juya. Hasumiyoyin Balio tsofaffi ne, wani basarake Agostino Pepoli ne ya kashe dukiyarsa ya gyara su a shekarun 1870, lambun da ɗan ƙaramin ginin da ke maƙale a jikin dutse a ƙasa, Torretta Pepoli, kuma aikinsa ne. Akwai kuma gidan tarihi na Cordici, ƙarami ne, a ciki akwai wani ɗan kan mutum-mutumin marmara da ake dangantawa da gunkiyar da kuma sassaƙar Antonello Gagini ta 1525.

Ka lura da gidajen ma. Daga titi bango kawai za ka gani da ƙofa, rayuwar duk tana tsakar gida a ciki inda suke shanya da shuka furanni da zaman hira, kamar dai gidajen cikin birnin Kano ko Zariya, in ka samu ƙofa a buɗe ka leƙa da ladabi. Lungunan wasu mutum ɗaya kawai ke iya wucewa, an yi su haka ne saboda iska.

Ita cibiyar da za ka je, Antonino Zichichi masanin fiziks ɗan Trapani ne ya kafa ta a 1963, ya sa mata sunan Ettore Majorana, haziƙin masanin fiziks ɗan Catania da ya ɓace a Maris 1938 bayan tafiyar jirgin ruwa tsakanin Palermo da Napoli, har yau ba a tabbatar da abin da ya same shi ba. A tsofaffin gidajen ibada na fada-fada da sistoci ake karatun, San Rocco da San Domenico da San Francesco. Lokacin yaƙin cacar baki nan ne masana daga Amurka da Tarayyar Sobiyet ke haɗuwa su tattauna haɗarin makaman nukiliya, a 1982 aka fitar da Sanarwar Erice wadda Paul Dirac da Piyotr Kapitsa da Zichichi suka rubuta, Fafaroma John Paul na biyu ma ya ziyarci wurin a 1993. Cibiyar nan na cikin abin da ya hana tsohon garin mutuwa gaba ɗaya.

Sai shirin jiki. Ko da rani ne ka tafi da rigar sanyi, saman dutsen ya fi Trapani sanyi sosai, kuma gajimare kan sauko ya rufe garin cikin 'yan mintuna har ba ka ganin ƙarshen layi, in ka ga sama ta washe ka bar abin da kake yi in da hali ka je kallon teku a lokacin, kar ka ce sai anjima. Duwatsun daɓen titi sun sha ƙafa sun yi santsi, ka sa takalmi mai kama ƙasa. Kar ka sa ran masallaci a sama, ka tafi da dardumarka, alƙibla tana wajen kudu maso gabas, ka tabbatar da wayarka.

Abinci kuwa ba za ka wahala ba don yankin kifi ne. Kuskus da romon kifi shi ne abincin alfaharin Trapani, nan za ka ji kusancinsu da Tunisiya a bakinka, har bikin kuskus ake yi duk Satumba a San Vito Lo Capo. Akwai taliyar busiate da miyar tumatir da tafarnuwa da almon da ake dakawa ɗanye, babu nama a ciki. Erice ta yi suna da kayan zaƙi na almon da sistocin gidan San Carlo suka koyar, da genovesi mai kirim a ciki da ake ci da ɗumi, sai dai dan Allah ka riƙa tambaya, wasu kayan fulawar Sisiliya da kitsen alade ake yi, suna ce masa strutto, wasu kuma ana zuba musu giya, ka rubuta kalmar a wayarka ka nuna wa mai shago, za su gaya maka gaskiya ba tare da jin haushi ba.

In an ba ku rana ɗaya ta hutu kuma kana son ganin sawun Musulmi da idonka, ka nufi Segesta, kamar kilomita 35 daga Trapani. Mutane na zuwa ne don ɗakin bautar Elimawa mai ginshiƙai 36 da aka gina wajen 420 kafin haihuwar Annabi Isa ba a taɓa rufa masa rufi ba, amma in ka hau tudun Barbaro kusa da tsohon dandalin wasan kwaikwayo akwai tushen wani ƙaramin masallaci na ƙarni na 12 da masu tonon tarihi suka gano, da gurbin mihrabinsa, Musulmin da suka koma kan tudun a zamanin Normawa ne suka gina shi, aka rushe shi a ƙarni na 13. In kuma Juma'a ce ka fi son jam'i to Mazara del Vallo za ka je, akwai 'yan Tunisiya da yawa masu aikin jiragen kamun kifi da ke zaune a tsohuwar unguwar Kasba, jirgin ƙasa na zuwa can daga Trapani ta Marsala.